Minista Cargill da Wayar Ranar Talata

Litinin, 3 ga Fabrairu, 7:20 na safe

Jirgin ƙasa ya makara, ni ma na makara. Mijina Torquil ya kawo ni tasha, da zan sauka daga mota ya ce, "Ranki ya daɗe, kin bar safar hannunki a gida." Shekara talatin da ɗaya muna tare, in ya kira ni ranki ya daɗe na san da magana a cikinsa. Ban tambaya ba.

Jiya bayan coci mutanen Portlarig suka taru a ɗakin taron gari, suka haɗa mini shayi da kek. Effie Macaskill, wadda muka yi shekara ashirin da biyu muna koyarwa bango ɗaya tsakaninmu kafin in shiga siyasa, ita ke riƙe da makarantar yanzu. Ta miƙe ta ce, "Ishbel ɗinmu ba ta manta gida ba." Aka yi ta tafi. Na ce musu ba ni ba ce, ƙaramar hukuma ce da kanta ta cire makarantarmu daga jerin waɗanda za a rufe. Sai suka fashe da dariya kamar na yi barkwanci. Wani tsoho ya kanne mini ido ya ce, "Mun gane, Malama, mun gane."

Ba su gane komai ba. Kek ɗin ma ya yi zaƙi da yawa.

Talata, 4 ga Fabrairu, 11:05 na safe

Fergus Dalgleish, babban sakataren ma'aikatata, ya ajiye mini fayil a tebur ya tsaya. Shi ba ya zama sai an ce ya zauna, in an ce kuma sai ya ce ya gode ya ci gaba da tsayuwa.

Doka ta ce duk makarantar ƙauye da ƙaramar hukuma za ta rufe, sai takardar ta biyo ta teburin ministar makarantu. Teburina ke nan tun wata goma sha huɗu. Ko in sa hannu a rufe, ko in dakatar. Wannan ta Strathcorrie ce, can cikin duwatsu. Wa'adi ranar 28 ga wata.

Ya ce, "Minista, akwai abu ɗaya. Strathcorrie ba ta cikin jerin farko."

Na ce, "To?"

Ya ce, "Babu komai. Na ga dai ya kamata ki ji daga bakina."

Mutumin nan in ya ce babu komai sai ka ji kamar an ɗora maka dutse.

Laraba, 5 ga Fabrairu, 1:30 na rana

Taro uku tun safe. Babu wanda aka ambaci yaro ko ɗaya a cikinsa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, 4:45 na yamma

A majalisa wani daga ɓangaren adawa ya tashi ya ce wai Malama ta iya duba aikin gida na wasu, amma wa ke duba nata? 'Yan gefensa suka yi ta buga benci. Na amsa da abin da aka rubuta mini a takarda. Muryata ta fito kamar ta mai karanta sanarwar tashin jirgi.

Da nake aji, in yara suka fara hayaniya shiru kawai nake yi in dube su, kafin minti ɗaya ko allura ta faɗi sai an ji. Na gwada shi a nan sau ɗaya, shekarata ta farko. Jaridu suka rubuta wai magana ta ƙare mini.

Bai san komai ba, mutumin. Jifa ce a duhu. Amma ta same ni.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 9:10 na safe

Gida. Ruwan sama tun asuba. Torquil yana rumfa yana kankare ƙasan kwale-kwalen wani, na kai masa shayi.

Ya ce, "Na haɗu da Hector Bain a kanti."

Hector shi ne shugaban ƙaramar hukumarmu. Benci ɗaya muka zauna a firamare, ni na riƙa yi masa lissafi.

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau. Ya ce in gaishe ki, in ce miki abin nan an gama shi, kar ki damu." Ya ajiye abin kankarar. "Wane abin nan, Ish?"

Na ce shayinsa zai huce.

Wayar da na yi wa Hector minti huɗu ce. Gaisuwa ma ta cinye ɗaya.

Litinin, 10 ga Fabrairu, 8:50 na safe

Ban buɗe fayil ɗin ba.

Talata, 11 ga Fabrairu, 2:15 na rana

Na buɗe. Portlarig yara bakwai, makaranta mafi kusa minti goma sha biyar a mota, hanyar bakin teku, shimfiɗaɗɗiya. Strathcorrie yara goma sha tara, mafi kusa minti hamsin, kuma sai an haye dutse ta hanyar da ƙanƙara ke rufewa. Na karanta sau uku ko lambobin za su canza ra'ayi.

Na san bakwai ɗin nan da sunayensu. Na koyar da iyayen biyar daga ciki. Sha taran kuwa ban san ko ɗaya ba. Wannan laifi ne? Mutum ya san nasa laifi ne?

Dalgleish ya leƙo ya ce ko ina son abin ci. Na ce a'a da ƙarfin da bai kamata ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu, 5:00 na yamma

Rhona Pirie ta tare ni a ƙofar majalisa. 'Yar jarida ce yanzu, amma ni ina ganinta ne da haƙoran gaba biyu a fashe tana cin gindin fensir a layi na biyu. Ajina ta yi shekara uku.

Ta ce, "Malama Cargill, ina wuni."

Na ce, "Rhona, kin rame. Ba sa ba ki abinci a jaridar ne?"

Ta yi murmushi ta ce, "Malama, ranar Talata 21 ga Janairu, kin yi magana da wani a ƙaramar hukuma?"

"Ina magana da mutane da yawa."

"Na sani. Ranar Laraba kuma jerin ya canza."

Na ce mata ta rubuto wa ofishina. Ta ce ta rubuto sau biyu. Ta ƙara da cewa, "Ke kika ce mana in aka ba mu rabin amsa mu tsaya sai an ba mu ragowar."

Na ce, "A tarihi na ce, ba a kaina ba."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Na shiga mota na zauna har direba ya tambaye ni sau biyu ina za mu.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, 10:30 na safe

Bulaliyar jam'iyyarmu, mai tsawatar wa 'yan majalisarmu, ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya miƙo mini biskit.

Ya ce, "Ishbel, ban tambaye ki komai ba, kuma kar ki faɗa mini komai. Yarinyar nan ba ta da takarda ko ɗaya a hannu. Ki sa hannu a kan Strathcorrie, ki yi shiru. Kafin sati biyu wani zai yi abin kunyar da ya fi wannan, a manta da ke."

Na ce, "In na dakatar da ita fa?"

"Sai a tambayi me ya sa ta shiga jerin tun farko. Kina son wannan tambayar?" Ya ture mini farantin. "Zaɓe saura wata goma sha biyar. Dokar abincin rana kyauta da kika yi shekara shida kina yi mana kuka a kanta, a watan Mayu za ta shigo zaure. In kika faɗi ta faɗi tare da ke. Ci biskit."

Na ci. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, na ci, har biyu.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, 6:05 na yamma

Ban umarci kowa ba. Ban ce cire wannan ka sa waccan ba. Cewa na yi, "Hector, ka san abin da makarantar nan take a wurina." Shi ke nan. Kowa a garin nan yana iya faɗin haka.

Kowa ba minista ba ne. Na sani. Ba sai an faɗa mini ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, 3:40 na yamma

Mun yi faɗa da Torquil a kan miyar kifi. Na ce gishiri ya yi yawa, ya ce shekara talatin haka yake yin ta. Daga nan magana ta bar tukunya.

Ya ce, "Kin kira shi ko ba ki kira shi ba?"

Na ce, "Kai ma ɗan jarida ka zama?"

"Ni mijinki ne. Ni ake tarewa a kanti ana girgiza mini hannu ana godiya, ban san a kan me ba."

Na ce, "To da ka fi so a rufe ta? Makarantar da 'ya'yanmu suka yi? In ta tafi, masu ƙananan yara su tafi, likita ya daina zuwa, ku zauna ku da tumaki!"

Ya ce, "Ban ce haka ba. Amma can Strathcorrie ma ai suna da tumaki, Ish. Kuma ba su da ke."

Ya ɗauki rigar ruwansa ya fita da kare. Na wanke kwanukan da ƙarfi har na fasa kofin da Effie ta ba ni ranar da na bar koyarwa.

Talata, 18 ga Fabrairu, 12:20 na rana

Wasiƙa daga shugabar makarantar Strathcorrie, Nessa Laidlaw. Da hannu ta rubuta. Ba roƙo, ba zagi. Ta ce ta ji ni malama ce a da, don haka tana gayyata ta in zo in bi hanyar da yaranta za su riƙa bi, da safe, a watan nan, ba a watan Yuni ba.

Dalgleish ya ce ba a saba minista ta ziyarci makarantar da takardarta ke gabanta ba.

Na ce, "An hana?"

Ya ce, "Ba a hana ba. Ki sa takalmi mai kauri."

Laraba, 19 ga Fabrairu, 9:00 na safe

Rhona ta sake kira. Ban ɗauka ba. Hector ya kira. Shi ma ban ɗauka ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, 4:30 na yamma, a gefen hanya

Na ce wa direba ya tsaya in rubuta tun ban fara gyara labarin a kaina ba.

Awa ɗaya da minti goma muka yi kafin mu haye dutsen. Sau biyu motar ta zame. A wata kwana na ga ƙarfen gefen hanya a lanƙwashe, ban tambayi abin da ya lanƙwasa shi ba.

Nessa Laidlaw gajeruwa ce, ta kai shekaruna, hannun rigarta duk fenti. Ba ta jera mini yara su yi waƙa ba, na gode mata da wannan. Ta bar ni a bayan aji ta ci gaba da darasinta. Warin rigunan ulu masu laima a kan hitar ɗumama aji, ƙarar kujeru. Na manta yadda nake son wannan. Wata yarinya tana ta fama da rabawa, ban san lokacin da na durƙusa kusa da ita ba.

Da aka fita tara Nessa ta haɗa shayi a ɗan ofishinta. Ta ce, "A watan Disamba an kira ni an ce mu ba ma ciki. Na faɗa wa iyaye. Wata ta fasa sayar da gidanta saboda maganata. Ashe ƙarya na yi musu ban sani ba."

Ban shirya faɗa ba. Na dai ji bakina yana cewa, "Ni na kira shugaban ƙaramar hukuma. Saboda makarantar garinmu. Ban san ku za a sa a madadinta ba."

Ta daɗe tana juya cokali.

Ta ce, "Ba ki sani ba, ko ba ki tambaya ba?"

Na ce, "Ban tambaya ba."

"To. Kin zo ne in yafe miki ki ji sanyi, ko kin zo gyara? Don in yafiya ce, kararrawa saura minti uku, ba ni da lokaci."

Ba ta raka ni mota ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 11:15 na safe

Na faɗa wa Torquil. Ya ce ya sani tun ranar kantin. Na ce to me ya sa ya yi ta tambaya? Ya ce yana son ya ji ko har yanzu bakina yana iya faɗa.

Na tafi gidan Effie. Gara ta ji daga gare ni. Tana gugar kaya, ba ta ajiye dutsen gugar ba har na gama.

Ta ce, "Yau wata guda ina barci, Ishbel. Wata guda. Yanzu kin zo ki ce mini zuciyarki ba ta kwanta ba? Wa ya aike ki tun farko? Kuma da kika yi, wa ya aike ki ki warware?"

Na ce, "Yara sha tara ne, Effie. Na bi hanyar."

"Nawa bakwai ne, kuma su ma mutane ne suka haife su. Ki tsarkake kanki da makarantata, ko? Fita mini daga kicin."

Na fita. Shekara talatin ban taɓa fita daga gidan nan hannu wofi ba sai yau.

Litinin, 24 ga Fabrairu, 8:05 na safe

Gaba kura, baya sayaki. Na rubuta takarda uku na yaga biyu.

Litinin, 3:20 na yamma

Bulaliya ya ce na haukace. Ya ce dokar abincin ta mutu, in sani ni na kashe ta da hannuna. Wataƙila gaskiyarsa. Yara dubbai da za su ci abinci mai zafi, a gefe guda kuma minti huɗuna. Na yi ta auna su tun safe, ma'aunin ya ƙi tsayawa. Abin da na sani kawai, na ɗauki biro don in sa hannu a fayil ɗin, hannun ya ƙi.

Laraba, 26 ga Fabrairu, 2:50 na rana

An gama. Na tashi a majalisa na faɗi ranar, da wanda na kira, da abin da na ce masa. Na ce na dakatar da rufe Strathcorrie, a sake duba makarantun biyu daga farko, kuma ba ni zan duba ba don na ajiye muƙamin. Ba a buga benci ba. Shirun da na yi shekara tara ina nema a zauren nan sai yau na samu, kuma ban ji daɗinsa ba.

Kafin in shiga na kira Rhona na ba ta ragowar amsarta. Ta ce, "Malama, ki yi haƙuri." Na ce, "Haƙurin me? Rubuta shi daidai, kuma ki duba sunana, Cargill, L biyu ne a ƙarshe."

Dalgleish ya taya ni zuba takardu a kwali. Da muka gama ya ja kujera ya zauna. Muka sha shayi. Ashe yana da jikoki huɗu.

Asabar, 1 ga Maris, 10:00 na safe

Na shiga kanti, hira ta mutu. Mai kantin ta ba ni burodi ba ta ɗago kai ba. Hector ya tsallaka titi da ya hango ni. Shi ma kujerarsa tana rawa, kuma ni na ja masa. Wannan ban da abin cewa a kai.

Talata, 11 ga Maris, 1:10 na rana

Yanzu kujerar baya nake zama a majalisa, kusa da wani mai gyangyaɗi. An ɗage dokar abincin "har sai an ga hali". Na san ma'anar wannan. Na rubuta wa sabon ministan shafi huɗu, aka aiko mini da layi biyu na godiya.

Juma'a, 21 ga Maris, 5:35 na yamma

Hukunci ya fito. Strathcorrie ta tsira. Portlarig za a rufe ta ƙarshen zangon bazara.

Daidai ne. Na rubuta daidai ne, na dube shi, kuma har yanzu ina son in jefi bango da wani abu.

Nessa Laidlaw ta aiko da kati. "Na ji. N.L." Iyakar abin da ke ciki ke nan.

Asabar, 5 ga Afrilu, 4:20 na yamma

An yi hutu. Da safe na fita da kare, na biyo ta gaban makaranta, sai na ga ƙofar ɗakin ajiya a buɗe. Effie ce ita kaɗai tana fito da kwalaye, tana dafe da ƙugu. Kayan shekara ɗari da wani abu, an ce ta tantance kafin Yuni. Na tsaya a bakin shinge. Ta gan ni ta ci gaba da aikinta. Na kusa wucewa.

Ta ce, ba ta dube ni ba, "Ba na magana da ke."

Na ce, "Na sani."

"Ba kuma zan yi ba. Wataƙila har Kirsimeti, wataƙila har abada, ban yanke ba tukuna. Amma bayana ya riƙe, kuma duk garin nan ba wanda ya san abin da ke cikin kwalayen nan sai ni da ke. Ɗaure karen. Fara da na saman kabad, rajistar 1974 ce, kar ki yar da ita."

Awa biyar muka yi. Ta miƙo, in karɓa. Ta nuna, in ɗauka. Da rana ta raba burodinta da cuku gida biyu ta ture mini rabi da gwiwar hannu, tana kallon taga.

Da zan tafi ta ce wa karen, "Ka faɗa mata Litinin ƙarfe tara. Ta zo da tsani."